Ranar da Muka Raka Resti Jarrabawar Turanci

Ƙarfe biyar da rabi na safe, duk wanda ke unguwarmu ta bakin teku a nan garin Bata ya san abin da zai fara ji: kukan tsohon keken Maestro Fulgencio Ipuwa. Coci yake fara zuwa. Daga coci ya biya wurin masunta, ba don ya sayi komai ba, sai don ya ji yadda aka wayi gari a teku. Daga nan ya koma gida, ya sha shayin ganye da guntun burodi, ya goge farar rigarsa da dutsen guga na gawayi, alhali 'yarsa ta saya masa na lantarki yana nan cikin kwalinsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Turanci a sakandare. Da aka sallame shi, maimakon ya miƙe ƙafa ya huta, sai ya roƙi Fada ya ba shi rumfar bayan coci inda ake jibge karyayyun bencina. Ya gyara su da hannunsa, ya buɗe ajin manya. Litinin, Laraba, Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma, yau shekara goma sha biyu, kuma bai taɓa karɓar sefa ɗaya a hannun kowa ba.

Yanzu idanunsa sun gaji. Ƙarshen watan nan zai koma garin Mbini ya zauna wurin 'yarsa. Shi ya sa ni Hermenegilda, Mama Gilda mai bandar kifi, na ce ba zai tafi haka shiru ba.

Ba neman ilimi ya kai ni ajinsa ba. Teburin kifina yana kallon ƙofar coci, sai na riƙa ganin mata suna shiga rumfar nan suna fitowa da dariya, ba wadda ta ce mini ga abin da ake ciki. Ni kuwa a yi abu a unguwa ban sani ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Sannan na lura Perpetua tela, da muke kira Petu, wadda mijinta ya rasu tun tuni, ta soma saka 'yan kunne duk ranar aji. Na ce sai na ga don wa ake wannan ado. Na shiga, na gani. Shekara da shekaru tana kai wa Maestro farfesun kifi, shi kuma yana mayar mata da kwanon a wanke, da takardar aikin gidanta a ciki, ya bi ta da jan biro. Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai.

Na je kallo na kwana ɗaya, ga shi na shekara tara.

Abin da ya fi ɗaure mana kai a Turanci shi ne kalmar aiki. A Sifaniyancinmu, in za ki ce dafa abinci, kalma ɗaya ce ki kai ta duk inda kika ga dama. Ina so, zan iya, ina jin daɗi, duk ita ce ke biyo baya, ba ta canza kaya. Turawan Ingila kuwa sai da suka ɗinka mata kaya kala uku. Ranar da Maestro ya fara yi mana wannan bayani ina zaune a bencin gaba.

Ya ce, “Wani lokaci kalmar tana fita da wutsiya, ta zama kukin. Wani lokaci da ɗan jagora a gabanta, tu kuk. Wani lokaci kuma ta fita haka nan ba komai a jikinta, kuk.”

Na ce, “To Maestro, wa ke gaya mata abin da za ta saka?”

“Kalmar da ta zo kafin ita.”

“Mijinta ke nan.”

“Ki kira shi haka in zai taimake ki, Mama Gilda. So yana son jagora. Jin daɗi yana son wutsiya. Iyawa da dole ba sa son komai.”

“So da jin daɗi ba 'yan gida ɗaya ba ne? Me ya raba su?”

“Haka suka tarar.”

“Su wa?”

“Masu harshen.”

“Kuma ba wanda ya tare su ya tambaye su?”

Ya cire tabarau ya goge. Perpetua ta ce daga gefe, “Ke Gilda, ki bar bawan Allah ya yi aikinsa.” Na ce ai na san dalilin da ya sa take tare masa. Daga baya ma ya gaya mana akwai waɗansu kalmomi da ke karɓar wutsiya kuma su karɓi jagora, wani lokaci magana ta tsaya yadda take, wani lokaci ta juye. A ranar na koma gida da ciwon kai.

Da ya ga mu tsofaffi ne masu kunyar buɗe baki, amma kusan dukanmu muna cikin mawaƙan coci, sai ya samo dabara. Ya zuba kalmomin cikin waƙa. Shi ya ba da kalmar farko, mu mu amsa gaba ɗaya da tafi, kamar karatun addini na yara. Waƙar masu wutsiya daban, ta masu jagora daban, ta marasa kaya daban. In muka haɗa murya ba ma kuskure ko ɗaya. Har masu wucewa kan tsaya su saurara. Ni dai baki nake motsawa, ina kama ƙarshen amsar na kusa da ni, amma tafina ya fi na kowa ƙarfi.

Kada ku ce waƙar ba ta yi amfani ba. Akwai wadda yanzu take gane abin da jikokinta na Amurka ke cewa a waya, har ta kama su suna zaginta. Akwai mai sayar da lemo da ma'aikatan jirgi suka daina yi mata wayo. Waɗannan ni shaida ce.

Sai maganar Resti ta taso.

Restituta Angue komadrena ce, wato ni na riƙe autarta ranar baftisma. Shekara goma sha tara tana shugabar kicin a wani masaukin ma'aikatan jirgin ruwa kusa da tasha, tana ciyar da mutum sittin kullum. Mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Jikoki uku a hannunta. Bara aka sayar da masaukin, sababbin masu shi suka liƙa takarda: duk mai riƙe da sashe zai yi jarrabawar Turanci ta baka nan da mako biyar, wanda ya faɗi a kawo wani. Resti tana da shekara hamsin da huɗu. In ta bar kicin ɗin nan ba wanda zai ɗauke ta a ko'ina.

Mu ba mu damu ba da farko, domin a aji muryarta ce ke jan waƙa. Maestro ya ce ta fito gaba ta tsaya ita kaɗai, mu kuma mu yi shiru. Ya yi mata tambaya mai sauƙi, irin wadda muka amsa sau ɗari: me take jin daɗin yi.

Resti ta buɗe baki. Ta rufe. Ta dubi rufin kwano.

Ya ce, “A hankali, Doña Resti. Kin san ta.”

Ta ce, “Na san ta, Maestro. Tana nan a maƙogwarona. Amma in babu muryar Petu a kunnena na hagu, da ta komadre a na dama, ba ta fitowa.”

Na ce, “Ni ai ba na cewa komai.”

Ta ce, “Ko motsin bakin naki yana taimako.”

Aji ya yi dariya, Maestro bai yi ba. Mako uku yana gwada ta. Ya ce ta rufe ido, ba ta fito ba. Ya ce ta juya mana baya, ba ta fito ba. Da zarar mun sa murya sai ta zubo kamar an buɗe famfo, da zarar mun yi shiru sai ta ƙafe. Resti ta soma ramewa.

Wata Asabar ya hau kekensa ya je har gidanta. Na san abin da ya faru domin na je aron turmi, ko da yake ina da nawa. Ya same ta a tsakar gida tana kankare kifi, ta ce ya ɗan jira ta gama. Yana tsaye a bakin ƙofa sai ya jefa mata tambaya da Turanci, kamar mai hira. Ta amsa ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya sake jefa wata, ta amsa, wuƙa na aiki. Har biyar. Sannan ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta kawo masa kujera, ta zauna a gabansa da ladabi. Ya maimaita tambayar farko. Shiru.

Ya daɗe yana kallon kwanon kifin. Abin da ya ce kawai shi ne ranar jarrabawa ta riƙe hankici ta riƙa murzawa. A ajin Laraba kuma ya ce, “Gobe Alhamis Doña Resti za ta shiga ita kaɗai. Kada wadda ta bi ta.” Yana faɗa yana kallon wajen da nake, ban san dalili ba.

To a nan ne muka yi abin da muka yi. A wurinmu ba a barin mutum ya je gaban magana shi kaɗai. Rikicin fili ne, neman aure ne, ƙara ce, dangi ke raka ka, babba ya yi magana a madadinka, a kai gaisuwa. Wanda ya tafi shi kaɗai, ana cewa ba shi da kowa. Muka taru a shagon Perpetua bayan aji. Na ce Maestro kara ce kawai yake yi mana, ba ya so ya wahalar da mu. Wata ta ce ta ji ana ƙara maki in an ga mutum yana da jama'a. Perpetua ta ce anya, na ce ta zauna a gida in tana tsoron ɓata wa angonta rai. Ita ce ta fara isowa da safe.

Mu goma sha uku, cikin shuɗin ankon matan coci. Na ɗauki bandar kifi mafi kyau a teburina, wata ta ɗauko kan agade guda, Perpetua ta rungumo agwagwa mai rai. Resti ta gan mu a bakin hanya ta ce, “Komadre, Maestro fa ya hana.” Na ce, “Shi ya riƙe miki 'ya a coci ko ni?” Na ga alamar ta ji sanyi a ranta. Maigadin masaukin ɗan ƙanen Perpetua ne, bai isa ya tare gwaggonsa ba.

Mai jarrabawar wata mata ce daga Ghana, Misis Ofori, ba za ta wuce sa'ar autata ba, da tabarau da kitso a buɗe, ba ta jin Sifaniyanci ko kaɗan. Akwai akawu a gefenta mai yi mata tafinta. Muka cika ofishin, masu zama a ƙasa suka zauna. A matsayina na babba na miƙe na gabatar da Resti yadda ya dace: 'yar wane ce, jikar wane, daga wane ƙauye, wa ta aura, ba ta taɓa sata ba, ba ta taɓa ƙona shinkafa ba. Akawun ya fassara duk wannan da kalma kamar huɗu. Misis ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi agwagwa, ta dubi takardarta, ina jin tana neman sunayenmu. Sannan ta ɗaga kafaɗa, ta juya ga Resti ta yi tambayar farko.

Ban san abin da ta tambaya ba, amma a ciki akwai kalmar da ke buɗe waƙar masu wutsiya. Ba shawara muka yi ba, Allah ya sani. Hannaye ne suka tafa da kansu. Muka ɗauka gaba ɗaya, mu goma sha huɗu har da Resti, kuma waƙar nan in an fara ta ba ta tsayawa sai an kai ƙarshen baiti. Misis ta ɗaga hannu, muka ɗauka tana ba da kiɗa ne. Da muka sauke ta yi wata magana da ƙarfi, a ciki aka ji kalmar dole, sai muka shiga waƙar marasa kaya. Agwagwa ta ƙwace ta shige ƙarƙashin tebur.

Misis Ofori ta rufe fayil.

Akawun ya ce, murya ƙasa ƙasa, “Mama, ta ce wannan satar amsa ce. Ta ce kayan nan kuma cin hanci ne. Ta ce an gama.”

Na ce, “An gama me? Ta ci?”

Ya ce, “Ta faɗi.”

Resti ta kwance rigar kicin da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke ta gida huɗu, ta ajiye a kan teburin Misis. Hankicin yana nan a hannunta ko murza shi ba ta yi ba. Na daɗe a duniya, na yi ɓarna iri iri da bakina, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maestro ne, hula a hannu. Ashe tun safe yana zaune a gindin mangwaron da ke tsallaken titi, yana jiran Resti ta fito ya ji yadda aka yi. Da idon nan nasa ya ga wani shuɗin gungu ya wuce, ya ɗauka jana'iza ce har ya cire hula. Sai da ya ji waƙarsa tana fitowa ta tagar ofis ya gane.

Bai kalle mu ba. Ya gaida Misis, suka shiga Turanci. Ni dai ina jin wutsiyoyi da jagorori suna wucewa, ban kama ko ɗaya ba. Abin da aka faɗa daga baya na samo shi wurin akawun, kuma sai da na yi masa alheri da kifi kafin bakinsa ya buɗe. Maestro bai roƙi a ji tausayin Resti ba, bai ambaci miji ko jikoki ba. Cewa ya yi, “Laifin nawa ne. Shekara goma sha biyu ina koya musu amsa da murya ɗaya, domin ya fi mini sauƙi kuma yana da daɗin ji. Ban koya wa ko ɗaya tsayawa ita kaɗai ba. Waɗannan mata ba sata suka zo yi ba. Rakiya suka zo, kuma sun yi abin da na horar da su a kai.”

Kai ne wannan, Maestro. Kai da ka koyar da rabin ma'aikatan ofisoshin garin nan, kai da mutane ke sauka daga mota su gaishe ka, ka tsaya da furfurarka gaban yarinyar da ka haifi kamarta, ka ɗauki ɓarnar da muka yi ka aza a kanka. Da ni ce, da na nuna Gilda da yatsa na ce ga uwar tafiyar nan.

Sannan ya tambaye ta, “Turancin da kuke nema a wurinta, a ina za ta yi shi? A ofishin nan?”

Ta ce, “A kicin.”

Ya ce, “To ki gwada ta a can.”

Misis ta ce ba haka tsarin yake ba. Ana cikin haka mataimakiyar Resti ta leƙo ta ce sha ɗaya da rabi ta wuce, ba a ɗora komai ba, domin ba wanda ya san abin da za a dafa, ga mutum sittin za su sauko sha biyu da rabi. Misis ta dubi agogo, ta dubi rigar da ke kan teburinta. Ta ce minti goma, kuma duk mai shuɗin zane ta fita.

Muka fita, muka zagaya ta baya muka jeru a tagar kicin. Ni na samu wuri mai kyau domin na hau wani akwatin lemo.

Resti ta shigo kamar wadda aka tasa daga jinya. Ta ɗaura riga, ta wanke hannu, ta ɗauki wuƙa. Tana sara kan kifin farko sai na ga bayanta ya miƙe. Misis Ofori ta biyo ta, Maestro ya tsaya a bakin ƙofa. Misis ta ajiye fayil ɗinta a kan teburin yanka, ta miƙa hannu ta buɗe murfin wata tukunya tana leƙawa, kitsonta na lilo a kai.

Resti ta juyo da wuƙa a hannu, Turanci ya ɓarke.

Ban taɓa jin komadrena ta yi magana mai tsawo haka ba ko da harshenmu. Tana nuna kan Misis, tana nuna famfo, tana nuna fayil. Na ce wa Perpetua, “Shi ke nan, zaginta take yi. Ta ga aikin ya riga ya tafi.” Perpetua ta ciro carbinta ta soma addu'a. Wata ta ce a'a, roƙo take yi. Wata ta ce ai waƙar masu jagora ce take karantowa ba kiɗa. Muka yi ta gardama a tagar, ba wadda ta san komai. Maestro kuwa ya mayar da hannayensa baya, ina ganin yatsunsa suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ashe abin da ta ce shi ne: dole ki rufe gashinki a nan, ki wanke hannu kafin taɓa tukunyata, ba na so in ga takarda a inda nake yanka, kuma ki daina tsayawa a kan hanya. Haka take yi wa duk wanda ya shigo mata kicin shekara goma sha tara. Ta manta ma ana jarrabawa.

Misis Ofori ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta ɗauke fayil, ta ciro hular kicin daga jikin ƙusa ta saka, ta je famfo. Daga nan ta koma gefe tana tambaya, Resti na amsawa tana aiki: su wa ba sa cin naman alade, wane ne gyaɗa ke kumbura wa jiki, me take yi in firij ya mutu. Minti goma ya zama arba'in. Da na sake leƙawa, Misis na yankan albasa tana share hawaye da kafaɗa. Abinci ya fita a kan lokaci.

Ba a faɗi sakamako a ranar ba. Aka mayar mana da kifinmu da agade a bakin ƙofa, agwagwa dai ba a same ta ba, kuma ina da wanda nake zargi. Maestro ya ja kekensa ya tafi bai ce mana uffan ba, wanda ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Kwana huɗu ban iya bi ta ƙofar gidan Resti ba.

Ranar Litinin ta shigo aji da takarda. Ta miƙa wa Maestro, ya kai ta dab da hancinsa ya karanta a hankali. An bar ta a kan aikinta.

Da hayaniya ta lafa na matsa kusa da shi na ce, “Maestro, me kake ƙirgawa da yatsu ranar nan?”

Ya ce, “Kuskurenta. Sau huɗu ta saka wutsiya inda jagora ya kamata.”

“To ai ta faɗi ke nan.”

“Ta ci.”

“Da kuskure huɗu?”

“Misis ta saka hular ko ba ta saka ba?”

“Ta saka. To in da kuskure ma ana ci, wahalar me muke sha duk shekarun nan?”

Ya ce, “Don wani karon ya zama uku.”

Har yanzu ina juya wannan amsa, ban ga kanta ba.

Abin da na gane shi ne wanda ya yi bayan nan. Yana da shekara saba'in da ɗaya, ido na ƙarewa, ya rushe tsarin da ya yi shekara goma sha biyu a kai. Ya ce kowace ta zo aji da aikin hannunta. Perpetua ta zo da ɗinki, mai lemo ta zo da wuƙar ɓare lemo, ni na zo da kifi ina jerawa. Ya riƙa bin mu ɗaya ɗaya, kowa ta amsa da bakinta. Rumfar ta koma kamar kasuwa, Fada har ya leƙo sau biyu. Waƙa sai a minti biyar na ƙarshe, don kada mu yi tawaye. Ba kowane tsoho ke yarda ya sake koyon aikinsa a ƙarshen rayuwa ba. Na san da yawa a unguwar nan da ko wurin zamansu a coci ba sa iya canzawa.

Mun gode, Maestro Fulgencio, gwanin alli, mai haƙuri da tsofaffi. Kai ne ka je har gidan ɗalibarka ka tsaya a bakin ƙofa sai da ka gano inda bakinta ke buɗewa. Saboda kai ana sayen maganin mijin Resti, jikokinta uku suna makaranta. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya kai ka Mbini lafiya, ya sa 'yarka ta riƙe ka yadda ka riƙe mu. Abin da muka yi maka na ɓacin rai ka yafe, musamman ni.

Saura magana ɗaya, kuma ba da shi nake ba. A ƙasan takardar Resti akwai sharaɗi: sai ta ci gaba da zuwa ajin Turanci har shekara guda, malami yana sa mata hannu duk wata, in ba haka ba a sake duba maganar. Wata biyar suka rage, Maestro kuwa zai tafi ranar ashirin da takwas. Rumfa tana nan, bencina suna nan, Fada ya ce ba zai hana kowa ba.

Ku tsofaffin malaman da kuka yi ritaya kuna zaune a gindin kwakwa kuna shan bammi tun hantsi, aƙalla uku a cikinku sun iya Turanci, biyu ma shi ya koya musu. Abin da ya yi ba ya fi ƙarfinku ba ne. Na san sunayenku, na san matanku, na kuma san waɗansu abubuwa da matan naku ba su sani ba tukuna. Litinin ta farko a sabon wata, ƙarfe huɗu, Resti za ta zo da takardarta, ni kuma ina bencin gaba ina kallon ƙofa.